Sarewar Yumɓu da Waƙar Kaka

Karatu: 1 Korantiyawa 14:6-12, 1 Korantiyawa 10:14-33

Kafin ka ci gaba da wannan shafi, ka buɗe Littafinka ka karanta wuraren nan biyu a hankali, gama abin da zan faɗa maka yau a kansu yake tsaye. Wata tambaya ce ta taso mana a ikilisiya bayan kakar bara, ina kuwa jin ba mu kaɗai take damu ba. Waƙar da ka gada daga kakanninka tun kafin bishara ta shiga gidanku, ta wa ce yanzu? Taka ce, ko ta abin da suka bauta wa?

Ga yadda ta faro. Akwai wani saurayi cikin ƙungiyar matasanmu, a ɗaya daga ƙauyukan ƙasar Tsanyawa. Yayansa da ke aiki a Kano ya zo ganin gida, ya kawo masa tsarabar wani ɗan abin busa na gasasshen yumɓu, kamanninsa kamar dankalin Hausa, da baki a gefe, da huji goma sha biyu. Turawa suna kiransa okarina. Wani yaro mai aikin bulo, Giuseppe Donati, shi ya ba shi siffar da aka san shi da ita yanzu, a garin Budrio na ƙasar Italiya a shekarar 1853, yana ɗan shekara 17. Sunan kuwa a bakin mutanen wurin ma'anarsa ƙaramar dinya. Amma tun dubban shekaru kafin Donati mutanen Sin suna busa irinsa, haka ma mutanen dā na ƙasar Meziko. Mu dai a nan sarewar yumɓu muka sa mata.

Busa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kai da ka tashi a karkara ka sani. Da an yanke gero da dawa, an kai dammuna rumbu, kara ya bushe, sai yara su bi gonaki suna zaɓen mai kauri, su rarake shi, su huda, su yi abin busa na hirar dandali. A lokacin ne kuma Fulani suke saukowa da shanu cikin gonakin da aka girbe, da yamma ka jiyo sarewar makiyayi daga gindin gawo. Amma ta yumɓu halinta dabam ne. Sarewar kara doguwa ce, a buɗe take a ƙarshe, tsawon hanyar da iska ta bi shi yake ba da sauti. Ta yumɓu a rufe take kamar tulu. In ka taɓa hura bakin kwalba ka ji ta yi kuka, to aikin ɗaya ne. Abin da yake ɗaga sautin ko ya saukar da shi shi ne yawan kafar da ka bari a buɗe. Saboda haka in yatsa ɗaya bai toshe hujinsa sosai ba, ko da kamar bakin allura ne ya rage, sautin ya kauce, kai kuwa kana ganin yatsunka duka suna wurinsu. Numfashi ma haka. In ka hura da ƙarfi sautin ya haura, in ka sassauta ya faɗi, kowane sauti da ma'aunin numfashinsa. Ba ta kuma da sautuka masu yawa. Iyakar abin da maginin ya ba ta ke nan, matsa mata ba ya ƙara kome sai ƙara mai cin kunne.

Yaron nan ba shi da malami. Abin da yake da shi wata waƙa ce da kakarsa takan rera ta hanci a bakin dutsen niƙa, ba kalmomi, sai dai amon. Tsohuwar ta rasu damina biyu da suka wuce. Ita ta goya shi, a ɗakinta ya girma, ba ta bar gona ko akuya da sunansa ba, ko hoto nata babu a gidan. Wannan amo kaɗai ya rage masa. Sai ya sa kansa ya fitar da shi a sarewar. Ya yanka waƙar gaɓa gaɓa kamar kara, ya rera gaɓa ɗaya da baki, ya neme ta da yatsu, in ya same ta ya maimaita har ta zauna, sa'an nan ya ƙara ta gaba. Ya gane cewa sautuka biyar kaɗai waƙar take zagayawa, kamar da dama daga waƙoƙinmu na gargajiya, alhali sarewar an gina ta a kan tsanin Turawa mai hawa bakwai, sai ya koya wa yatsunsa tsallake biyu. Inda muryar tsohuwar takan zame daga sama zuwa ƙasa, sai ya koyi mirgina yatsa a hankali a kan hujin maimakon ɗaga shi gaba ɗaya. Mahaifiyarsa ta kore shi daga tsakar gida saboda ciwon kai, ya koma bayan rumbu. Wajen wata biyu ya yi a haka.

Bari in ɗan ratse a nan, don akwai abin da yake cizona. Mu da muke ba da gaskiya ga cika da Ruhu Mai Tsarki, wani lokaci muna mai da wannan gaskiya mafakar lalaci. Ɗan ƙungiyar mawaƙa ba ya zuwa koyon waƙa ranar Alhamis, ran Lahadi sai ya karɓi makirufo ya ce Ruhu zai bi da shi. Ka duba 1 Tarihi 25:7. Mawaƙan da Dawuda ya keɓe su 288 ne, Littafi kuwa ya shaida cewa horarru ne, gwanaye, a sura guda kuma aka ce suna annabci da kayan kiɗansu. Horo bai kashe shafewarsu ba. A karatunmu na fari ma Manzo Bulus da sarewa ya yi wa masu magana da harsuna misali: in ba ta bambanta sauti da sauti ba, ba wanda zai gane abin da ake busawa. Wata biyun da yaron nan ya yi a bayan rumbu, ni a wurina sujada ce.

Ranar sujadar godiya ta kaka, bayan an jera dammunan gero da kwanukan wake da gyaɗa a gaban bagadi, sai ya nemi izini ya yi busa lokacin baiko. Na yarda. Ya busa kuwa da kyau, majami'a ta yi tsit, har yaran da ke guje-guje a baya suka tsaya. Ana cikin haka sai na ga wata dattijuwa cikin zumuntar mata ta miƙe, zanenta yana jan ƙasa, ta fita ba ta ko ɗauki takalmanta ba. Bayan an tashi na same ta a gindin darbejiya, jikinta yana ɓari, tana ta kiran sunan Yesu.

Na ce, "Mama, lafiya?"

Ta ce, "Fasto, wa ya koya wa yaron nan wannan? Kira ne. Da shi ake kiranta."

Wannan mama ta yi shekaru cikin bori kafin ta karɓi Ubangiji. An yi mata girka tun tana budurwa. Kamar yadda kowa ya sani a ƙasar Hausa, a wasan bori kowane iska da nasa kiɗan: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, na Doguwa dabam, mai garaya ko mai goge yana taɓa shi, wanda iskan yake hawa ya san an zo kansa. Abin da yaron ya busa, in ji ta, kiɗan wadda takan hau ta ne. Da muka bincika wajen manyan gidansu, sai aka ce kakar yaron ba ta taɓa yin bori ba, amma tana yarinya gidansu katanga ɗaya ne da gidan da ake yi. Ta ji, ya zauna mata a kai, ta tsufa tana niƙa da shi.

Kafin yamma ikilisiya ta rabu biyu. Waɗansu matasa masu zafin himma suka ce a kawo sarewar wurin addu'ar dare a farfasa ta, a kuma yi wa yaron addu'ar kuɓutarwa. Suka kawo Ayyukan Manzanni 19, inda masu sihiri na Afisa suka ƙone littattafansu a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Waɗansu kuma, galibi 'yan makaranta, suka ce tsohuwa ce kawai da tsoronta, waƙa waƙa ce, mun sami 'yanci cikin Almasihu. Kai fa, ɗan'uwa, ke fa, 'yar'uwa, da kuna wurin, wane gefe za ku tsaya? Kada ka yi saurin amsawa. Ni kwana uku na yi ina juya abin cikin addu'a, na kuma tarar kowane gefe yana riƙe da rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da ita.

Mu fara da masu cewa a fasa. Sun yi daidai da suka ƙi raina aikin duhu. Bulus kansa, a karatunmu na biyu, bai ce ba kome a bayan hadayar gumaka ba, ya ce aljanu ake miƙa wa, ya kuma hana mai bi haɗa teburin Ubangiji da nasu. Amma littattafan Afisa kayan aikin sihiri ne, don sihiri aka rubuta su, ba su da wani amfani sai shi. Wannan yumɓu fa? Ba a yanka masa kaza ba, ba a ɗaura masa alkawari da kowa ba. Ƙasa ce da aka cuɗa aka gasa, ƙasa kuwa ta Ubangiji ce. Ka bi Littafi ka ga tarihin sarewa. Farawa 4:21 ya nuna Yubal ne kakan masu busa, shi kuwa daga zuriyar Kayinu ya fito, duk da haka Allah bai ƙi busa a sujadarsa ba. A Daniyel 3 an busa sarewa domin mutane su rusuna wa gunkin Nebukadnezzar. A 1 Sama'ila 10 kuma ƙungiyar annabawan da Saul ya tarar suna gangarowa da sarewa a gabansu, a nan ne Ruhun Allah ya sauko masa. Kayan busan iri ɗaya ne. Abin da Shadrak da Meshak da Abednego suka ƙi shi ne rusunawar.

Akwai misalin da ya fi wannan kama ni. Zinariyar da Isra'ilawa suka karɓa daga hannun Masarawa daren fitarsu, kayan adon masu bautar gumaka ce. Daga zinariyar da ke hannunsu a jeji Haruna ya zuba ɗan maraƙi a Fitowa 32, daga cikinta kuma jama'a suka kawo baikon da aka yi wa alfarwa ado a Fitowa 35. Allah bai ce a zubar da ita a Bahar Maliya don ta taɓa wuyan Bamasariya ba. Ikilisiya ma ta daɗe tana haka da amon waƙa. Akwai wani amo da Hans Leo Hassler, Bajamushe, ya buga a shekarar 1601 a matsayin waƙar soyayya. Daga baya aka ɗora masa kalmomi a kan shan wuyar Almasihu, har Johann Sebastian Bach ya sa shi cikin babban aikinsa na labarin gicciye bisa ga Matiyu. Yau masu bi a ƙasashe da yawa suna rera shi da hawaye ranar Jumma'a Mai Kyau, ba mai tuna budurwar da aka yi wa shi.

Ina da wani dalili kuma na ƙin yarda a fasa, wanda ya shafe mu mu Hausawa masu bi musamman. Kai ma an taɓa tambayarka a kasuwa ko a mota, da aka ji sunanka, wai kai Bahaushe ne kuwa? Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma yawancin amon da ke cikin Littafin Waƙoƙi daga Turai da Amurka ya zo. Muna ƙaunarsu, da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su aka binne su. Sai dai in muka koya wa 'ya'yanmu cewa duk abin da ya fito daga bakin kakarsu na Shaiɗan ne, abin da ya fito daga bakin kakar Bature kaɗai ne mai tsarki, mun tabbatar wa masu tambayar nan zatonsu da hannunmu. Mun kuma ba Shaiɗan kyautar da ba tasa ba: waƙar niƙa, da ta daɓe, da ta reno, da kiɗan gayya. Yaushe ya halicci murya har zai mallaki waɗannan? Matan zumunta sun riga mu gane wannan. Da tulu da kacau-kacau da amon gida suka cika majami'un arewa da yabo, ba wanda ya faɗi.

To, sai masu cewa waƙa waƙa ce. A nan ne na fi daɗewa, don da farko zuciyata wajensu ta karkata.

Abin da suka manta shi ne Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kalmar da ka ɗaga da wadda ka saukar ba ɗaya ba ne, ko da baƙaƙensu ɗaya. Shi ya sa kalangu yake magana, shi ya sa mahauci yakan ji takensa daga nesa ya san da shi ake, shi ya sa algaita a ƙofar fada take kirari ba tare da an buɗe baki ba. A ƙasarmu amo marar kalmomi sau da yawa yana ɗauke da kalmominsa a ciki, wanda ya san su yana jinsu sarai. Yaron nan sautuka biyar yake ji, da ƙamshin gero a dutsen niƙa, da bayan kakarsa. Mama kuwa jimla take ji, da suna a cikinta, ana cewa mai sunan ta zo. Ashe abin da Bulus ya faɗa game da ƙaho ya wuce misali: busa tana faɗar magana, mai ji yana shirin yaƙi ko ya zauna bisa ga abin da ta faɗa. Amon Hassler ya tsarkaka ga masu bi domin tsohuwar maganarsa ta mutu a kunnuwan mutane. Wannan namu maganarsa da ranta, mai jinta tana zaune a layi na biyu a majami'armu.

Kada kuma ka ce tsoro ne kawai na rashin bangaskiya. Wannan mama ta fi yawancinmu sanin ikon sunan Yesu, don ta san abin da aka fisshe ta daga ciki. Wanda ya bar giya shekara ashirin ba ka kai shi zama a gidan burkutu don ka gwada ƙarfin cetonsa. Ban ce iska yana zaune cikin sautuka biyar kamar kunama a rami ba. Ban gaskata haka ba, gama Kolosiyawa 2:15 ya nuna mana Almasihu ya riga ya tuɓe wa ikokin nan makamansu a gicciye. Amma jikin mutum yana da tuni. Shekarun da ta yi tana faɗuwa da jin wannan kiɗa suna nan a gaɓoɓinta, Magabci kuwa ya san tsohuwar hanyar da ya saba bi. Mu da muka busa, mun share masa ita a tsakiyar sujada ba da saninmu ba.

Yanzu ka koma 1 Korantiyawa 10 daga aya 25, ka ga yadda Bulus ya warware irin wannan ƙulli a kan nama. A Koranti yawancin naman kasuwa ya bi ta haikalin gumaka kafin ya iso wurin mahauta. Bulus ya ba mai bi izini ya saya ya ci ba sai ya tsaya bincike ba. In marar bi ya gayyace shi cin abinci, ya ci abin da aka sa masa. Amma da zarar wani a wurin ya nuna masa cewa wannan na hadaya ne, sai ya janye hannu, saboda lamirin wanda ya faɗa. Naman bai sāke ba. Na minti ɗaya da ya wuce shi ne na yanzu. Abin da ya shigo tsakani sani ne, da kuma mutum. Haka na ga al'amarin yaronmu. Wata biyun da ya yi yana busa a bayan rumbu bai yi zunubi ba, ranar godiya ma bai yi ba, ba ya bukatar a kuɓutar da shi daga kome. Amma daga sa'ar da Mama ta buɗe baki a gindin darbejiya, an faɗa masa. Ni ma an faɗa mini. Na roƙe ta ta gaya mini abin da amon yake cewa, ta gaya mini sau ɗaya da murya ƙasa ƙasa, ba zan kuwa rubuta shi a nan ba. Tun ranar ko ni ban iya jinsa kamar dā ba.

Wani zai ce, to, ashe duk wanda ya ce abu yana sa shi tuntuɓe shi zai riƙa mulkin ikilisiya? Tambaya ce mai kyau, na kuwa ga inda aka yi wasa da wannan. Akwai masu kiran ƙyashinsu ko son ransu raunin lamiri. Wani dattijo ba ya son jita don a zamaninsa babu, sai ya ce tana sa shi tuntuɓe. Wannan ba tuntuɓe ba ne, rashin sabo ne, ana iya yi masa haƙuri ana kuma koya masa. Tuntuɓen da Bulus yake nufi shi ne abin da zai ja mutum ya koma inda ya fito. Ka dubi mai ƙarar: yana neman a bi ra'ayinsa ne, ko yana neman ya tsira? Mama ba ta ce a hana kowa kome ba. Takalmanta ta bari ta gudu.

Na kira yaron ranar Laraba. Na ce masa sarewarsa ba wanda zai taɓa ta, na kuma faɗa wa matasan haka a gabansa. Sa'an nan na ce wannan amo ba za a ƙara busa shi a majami'a ba, ko a inda Mama za ta ji. Ya yi shiru, ya daɗe yana juya sarewar a hannu.

Ya ce, "Baba, ita kaɗai ce fa nake da ita ta Iya."

Ban sami abin faɗa da sauri ba. Yana da sauƙi a yi wa'azi a kan barin 'yanci saboda ɗan'uwa in abin da za a bari nama ne, gobe ka sayi wani. Abin da na nema wurin yaron nan muryar kakarsa ce. Kada wani ya ruɗe ka cewa ƙauna irin ta Romawa 14 ba ta da tsada. Wanda ya fi ƙarfi shi yake biya, sau da yawa kuma abin da yake biya da shi halal ne, nasa ne, ba wanda zai iya ƙwace masa da hujja. Na karanta masa aya 15 ta surar, inda aka tuna mana cewa Almasihu ya mutu saboda wannan ɗan'uwa da muke shirin ɓata wa rai. Na ce, "Ɗana, farashin da aka biya a kan Mama ke nan. Kai nawa za ka iya?" Ya yi kuka, ni ma ban tsira ba.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka taɓa riƙe sarewa ba. Amma akwai abin da ka gada. Wataƙila kirarin gidanku ne, ko maganin da kakanka yake haɗawa da 'yan kalmomin da ake faɗa a kansa, ko rawar da ake yi a bikinku, ko sunan da ake kiranka da shi a ƙauye. Kada ka kwashe su duka ka zuba a wuta don tsoro, kada kuma ka rungume su duka don taƙamar 'yanci. Ka ɗauke su ɗaya ɗaya. Ka je wurin tsofaffin da suka sani tun suna da rai ka tambaye su abin da kowanne yake faɗa, da wanda ake faɗa wa. Ka dubi wanda yake zaune kusa da kai a sujada. Sa'an nan ka kai abin gaban Ruhu Mai Tsarki, wanda ya ba ikilisiya baiwar rarrabe ruhohi saboda irin wannan rana. A ranar Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji ayyukan Allah masu girma, Wahayin Yahaya 21 kuma ya nuna al'ummai suna shigo da darajarsu cikin sabuwar Urushalima, a wuri guda ya ce ba abin ƙazanta da zai shiga. Akwai abin shigarwa, akwai mai tsaron ƙofa.

Bayan mako biyu Mama ta aika a kira mata yaron. Ta ce ta san kakarsa tun suna 'yan mata, tare suka yi daɓen ɗakuna da yawa a ƙauyen, akwai kuma waƙar daɓe da tsohuwar take bayarwa su suna amshi, wadda ba ta kiran kowa sai ango da danginsa marowata. Yanzu ranar Alhamis bayan koyon waƙa yakan je ƙofar ɗakinta, tana rerawa yana nema da yatsu. Gaɓa ta uku har yanzu tana kuɓuce masa, ɗan yatsansa na hagu ba ya toshe hujin sosai, ita kuwa ba ta ɗaga masa ƙafa, sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce a sāke. Shugabar zumuntar mata ta fara ɗora wa amon kalmomi daga labarin budurwai goma.

Amma ba zan ɓoye maka ba, bai ce mini ta maye masa gurbin waccan ba. Kwanan baya ya tambaye ni ko zai iya busa ta farin shi kaɗai a gona mai nisa, inda ba mai ji sai shi da Allah. Na ce masa ni da na san abin da take faɗa ba zan sa numfashina a cikinta ba, amma ba ni da ayar da zan ɗaure shi da ita, sai ƙarshen Romawa 14, inda aka bar kowa da bangaskiyarsa a gaban Allah, aka kuma gargaɗi mai yin abu da shakka. Na ce ya yi azumi kwana ɗaya ya tambaya. Bai dawo mini da amsa ba tukuna, ni ma ban matsa masa ba. In ka durƙusa yau, ka tuna da shi, ka tuna da Mama.